Gonar Tsibiri da Labarin da Ya Makara

Akwai wani mutum mai gonar shinkafa a wani tsibiri a tsakiyar kogi. Ƙasar tsibirin baƙa ce, mai albarka, ba a taɓa kai mata taki ba, gama kogin ne yake ciyar da ita kowace shekara. Tsakanin tsibirin da gaɓa akwai wani ɗan mashigi da ake ratsawa da ƙafa, ruwansa iyakar gwiwa. Gidan mutumin kuwa yana can kan tudu, tafiyar rabin yini daga bakin kogi.

Mutumin nan yana da barori biyu da ya dogara gare su. Na fari sunansa Cindo, masunci ne, yana zaune can sama inda kogin ya fito daga cikin duwatsu. Aikinsa duban ruwa. Ya san kogin kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Na biyu sunansa Nomau, shi ne shugaban gandu. Mutum talatin ne a ƙarƙashinsa, suna zama a bukkoki cikin tsibirin tun daga lokacin da shinkafa ta fid da kai har girbi, suna korar tsuntsaye.

Shekaru da yawa ga yadda suke yi. In Cindo ya ga alamar ambaliya, sai ya gangaro da kwale-kwalensa ya faɗa wa Nomau. Nomau kuwa ya yanke abin da za a yi nan take, ko a sa lauje, ko a fid da mutane, ko a dakata. Sau biyu wannan ya ceci amfanin gonar da mutanen da ke cikinta. Maigidan bai ma san an yi ba, shi dai ya ga dammuna suna shigowa ƙofar gidansa. Gama asarar da aka tsallake ba ta barin sawu.

Sai wata shekara Cindo ya ga alama, ya zo ya faɗa. Nomau ya sa aka yanke kashi ɗaya cikin uku na shinkafar tun ba ta gama ƙosawa ba, ya kuma fid da mutane zuwa gaɓa har kwana biyu. Ruwan ya zo, amma ya tsaya a gefen gonar, ya koma. Abin da aka yanka rabinsa ya zama ƙaiƙayi, abin da aka bari kuma tsuntsaye suka yi biki a kansa.

Ran kasuwa abokan mutumin suka yi masa dariya, suka ce, “Wai gonar nan ta wa ce? Taka ce ko ta barorinka?”

Maganar ta soke shi fiye da asarar. Da ya koma gida ya kira su biyun a gaban jama'a. Ya sa Nomau ya durƙusa a gaban mutanen da yake shugabanta. Cindo kuwa, maigidan ya karɓe masa kwale-kwale har shekara guda, ga shi da shi yake kamun kifin da gidansa ke ci. Sa'an nan ya kafa doka, ya ce, “Daga yau kowane labari a kunnena zai fara sauka, kowane umarni kuma daga bakina zai fito. Cindo, abin da ka gani nawa ne, kada ka faɗa wa kowa. Nomau, kada lauje ya taɓa shinkafa, kada mutum ko ɗaya ya bar tsibiri, sai da izinina.”

Sauran ma'aikatan gidan suka ga abin da ya sami manyansu, sai kowa ya shiga taitayinsa. Mai kiwon awaki ya daina sāke makiyaya sai ya tambaya. Mai gyaran rumbu ba ya ɗora ko damin ciyawa sai ya tambaya. Kullum zauren mutumin cike yake tun safe har yamma. Da fari abin ya yi masa daɗi, gama cikar zaure tana kama da girma. Bai lura ba cewa tambayoyi ne kawai suke zuwa, da labarai masu daɗi. Mugun labari ya daina hawowa tudu.

Haka aka yi shekara uku.

A shekara ta huɗu, wajen ƙarshen damina, sauran kwana bakwai shinkafa ta ƙosa, Cindo ya fita da asuba ya ga kogin ya yi ja wur, yana ɗauke da kumfa da ɗanyun rassa. Tururuwa suna hawan itatuwa da ƙwayayensu a baki. Duwatsun gabas kuma kwana uku ke nan ba a ga kansu ba saboda hadari. Tun da yake bai taɓa ganin alamun nan sun haɗu haka ba. Ya shiga kwale-kwale ya gangara.

Hanyar gidan maigida ta tsibirin take bi, a nan ake ɗaure jirgi a ratsa mashigi a kama hanyar tudu. Da hantsi ya iso. Nomau ya tare shi a bakin ruwa, suka gaisa.

Nomau ya ce, “Cindo, lafiya na gan ka yanzu? Yaya ruwa?”

Cindo ya sunkuyar da kai yana ɗaure jirginsa, ya ce, “Ruwa yana nan. Wurin maigida za ni.”

Nomau ya dube shi, ya ce, “Ɗan'uwa, shekara ashirin muna tare. Ɗago ka dube ni. Mutum talatin ne a wuyana.”

Cindo ya ce, “Ka san doka. A shekarar da aka karɓe mini jirgi na binne autata, yunwa ta buɗe wa ciwo ƙofa. In na yi magana yau, ruwa ya sāke tsayawa a gefen gona, wa zan binne bana?”

 Nomau ya ce, “Ni ma ko ka faɗa, ina da ikon ce musu su tashi ne?” Ya dubi shinkafar, ta yi nauyi ta sunkuya. Ya ce, “To, yi sauri. Kalma ɗaya nake so daga bakinsa.”

Cindo ya ɗauki filafilinsa ya danƙa a hannun Nomau, ya ce, “Riƙe wannan kusa da kai.” Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Ya ratsa mashigi, ruwan ya kai masa cinya.

Nomau ya gane. Amma ya ce a ransa, “Rabin yini zuwa, rabin yini dawowa. Kafin abu ya ɓaci izini zai iso.” Ya koma ya ce wa mutanensa su ci gaba da korar tsuntsaye.

Da la'asar Cindo ya isa gidan maigida, ya tarar da mutum goma sha ɗaya a gabansa. Ya ce wa tsohon da ke tsaron ƙofar zaure, “Baba, maganar ruwa ce. A shigar da ni.”

Tsohon ya ce, “Maigida ya ce bi da bi. Kowa a nan cewa yake tasa ta fi gaggawa, ni kuwa ba a ba ni ikon sa wani gaba ba.”

Cindo ya zauna. Yana ji maigida yana yanke shawara a kan jakin da ya yi ɗingishi, ko a kai shi kasuwa ko a bar shi. Yana ji ana gardama a kan tsohuwar ciyawar rufin rumbu. Yana ji mata biyu suna ƙara a kan turmi. Inuwa tana ta tsawo. Sa'ad da rana ta yi ja, ya kāsa jurewa, ya miƙe ya ɗaga murya, ya ce, “Ranka ya daɗe, kogi ya kawo!”

Aka shigar da shi. Maigida ya gaji, kansa yana sarawa, gama tun safe yake yanke shawara. Ya ce, “Ka tabbata?”

Cindo ya faɗa masa jan ruwan, da kumfar, da tururuwar. Amma mutumin bai taɓa zama a bakin kogi ba, waɗannan abubuwa ba su ce masa kome ba.

Ya ce, “Haka ka ce wancan karo.”

Cindo ya durƙusa, ya ce, “Ranka ya daɗe, a bar shinkafar. A ba ni izini kawai in koma in ce wa Nomau ya fid da mutane.”

Maigida ya ce, “Sauran kwana bakwai. Ba zan sāke ciyar da tsuntsaye a kan maganar tururuwa ba. Da sassafe zan je in gani da idona.”

Kashegari suka kama hanya. Rana tana tsaka suka iso, amma tun daga nesa suka ji rurin ruwa. Mashigin da ake ratsawa da ƙafa ya zama kogi na biyu. Ba a ganin shinkafa ko zangarniya ɗaya, sai kawunan bukkoki da wani babban suri.

Ga abin da ya faru. Da gari ya waye Nomau ya ga ruwa ya shiga gona. Ya aiki wani dogon mutum ya gwada mashigi, ruwan ya kai masa wuya, da ƙyar aka jawo shi. Sa'an nan ne Nomau ya daina jiran izini, ya ɗauki filafilin. Amma kwale-kwalen mutum shida yake ɗauka, Nomau kuwa manomi ne, ba matuƙi ba. Sawu huɗu ya yi, ya haye da mutum ashirin da huɗu, tafin hannunsa duk ya saɓule. Sa'ad da maigida da Cindo suka iso, yana tsakiyar ruwa da shidan ƙarshe da ya kwaso daga kan surin.

Cindo ya ruga gaɓa yana ihu yana nuna masa inda zai bi. Nomau bai ji ba. Wani gungumen itace ya taho da saiwoyinsa a sama, ya bugi jirgin a gefe, ya kife shi. Cindo ya faɗa ruwa, ya fito da mutum ɗaya, ya koma ya fito da na biyu. Ya koma sau na uku, ya fito hannu wofi. Nomau da mutum huɗu ba su taso ba. Maigidan yana tsaye yana gani da idonsa.

Sai ya cafki Cindo a wuyan riga, ya ce, “Jiya ta tsibirin ka ratsa! Me ya sa ba ka faɗa masa ba?”

Cindo yana haki, ruwa yana zuba daga jikinsa, ya ce, “Ranka ya daɗe, kai ka koya mini yin shiru.”

Bayan kwana uku aka sami gawar Nomau cikin kyauro, can nesa a gangaren kogi. A wurin jana'iza matarsa, mai suna Kyauta, ta tsaya a gaban maigida. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, “Maigida, ka ɗora masa rayukan mutum talatin, amma ba ka ba shi ikon ce musu ‘ku tashi’ ba.” Sai ta kama hannun 'ya'yanta ta tafi.

A shekarar ko dami ɗaya bai shiga rumbun mutumin ba. Cindo ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar. Da damina ta kewayo, aka rasa wanda zai yarda ya kwana a tsibirin, gonar ta koma jeji.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Mai gonar shi ne duk wanda Allah ya ɗora a kan waɗansu: fasto, dattijon ikkilisiya, shugabar zumuntar mata, maigida a gidansa, shugaban makaranta, babban ma'aikacin asibiti, mai shago da yaransa. Cindo shi ne wanda yake gani amma an hana shi faɗa. Nomau shi ne wanda aka ba aiki amma aka hana shi iko. A gidan nan sani yana wuri guda, iko yana wani wuri, tsakaninsu kuma tafiyar rabin yini da zaure cike. Ruwa kuwa ba ya jiran kowa ya gama tafiya.

Kada ku ce mutumin nan mugu ne. Bai yi nufin kowa ya mutu ba. Asara ta same shi da gaske, an kuma yi masa dariya da gaske. Duk wanda ya ba wani ikon yanke shawara, wata rana wanda aka ba zai yi kuskure, kuskuren kuma zai ci wani abu. Ba na ɓoye muku wannan ba. Amma kuskuren nan shi ne abin da ake biya domin a sami ido a bakin ruwa da hannu mai saurin motsi. Mutumin ya ga asarar shekara ɗaya domin ta faru a gabansa, ya manta da shekaru biyun da aka cece shi domin ba su yi ƙara ba. Ya ƙi jure wa ƙaramar asara, sai babba ta zo ta kwashe gona da mutane.

Ku lura kuma da abin da riƙe kome ya yi masa. Ya zaci ya ƙara iko ne, ashe lokacinsa ya raba wa jaki da turmi. Sa'ad da shawarar rai da mutuwa ta iso, ta same shi a gajiye, a kan abin da bai ma sani ba. Allah ya ba kowane shugaba kai ɗaya da yini ɗaya. In ka cika su da abin da waninka zai iya yankewa, babu sauran wuri ga abin da kai kaɗai ya kamata ka yanke.

Na sha gani a ikkilisiyoyinmu. Mai shara ya ga bangon ɗakin yara ya tsage, ya yi shiru, domin ran da ya yi maganar rufi an ce masa wa ya tambaye shi. Malamar makarantar Lahadi ta ga yarinya tana zuwa da tabon duka, ta ce sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sai fasto ya dawo daga tafiya. A gida ma haka. Uban da ya yi wa ɗansa tsawa ran da ya kawo masa gaskiya mai ɗaci, kada ya yi tsammani matsala ta ƙare. Matsalar tana nan, labarinta ne ya daina zuwa. In ka ga kowa yana kawo maka daɗi kawai, kada ka yi murna. Ka ji tsoro.

Amma ba zan sallami Cindo da Nomau ba tare da magana ba, ko da yake zuciyata tana tare da su. Tsoronsu yana da dalili, Cindo ya riga ya binne 'ya. Duk da haka akwai ranar da dokar mutum take ƙarewa. In rai yana bakin halaka, ba a jiran izini, ba a zaman bi da bi a ƙofar zaure. Nomau ya karya dokar a ƙarshe, ya kuma ba da ransa, amma da ya karya ta tun hantsin da Cindo ya ratsa, da mutum talatin sun ratsa da ƙafa. Kai da kake ƙarƙashin wani, biyayya abu ne mai kyau a gaban Ubangiji, amma shirun da zai kashe ɗan'uwanka ba biyayya ba ne. Za a tambaye ka abin da ka gani.

Ku tuna, Ubangiji mai iko duka, wanda ba ya bukatar taimakon kowa, ya danƙa aikinsa a hannun mutane irinmu, yana kuwa sane za mu yi kuskure. In shi bai ƙi amincewa da mu ba, kai wane ne da za ka ce ba wanda ya isa ya ɗaga lauje sai kai?

Saboda haka ga aikin da na ba ku. Kafin Lahadi mai zuwa, duk wanda yake da wani a ƙarƙashinsa, ko mutum ɗaya ne, ya kira shi gefe. Ka faɗa masa a fili abin da yake da ikon yankewa ba sai ya zo wurinka ba. Sa'an nan ka tambaye shi, “Me ka gani wanda ka ji tsoron faɗa mini?” Da fari zai ce ba kome. Kada ka tashi. Ka zauna, ka rufe bakinka, ka jira. In ya buɗe baki ya faɗi abin da ya ƙona maka rai, ka haɗiye fushinka ka ce masa, “Na gode.” Gama yadda ka karɓi maganarsa a ran nan, shi zai nuna ko zai sāke zuwa a ranar da rayuka suka rataya a kan bakinsa.

Ubangiji ya ba mu tawali'un saurara tun da sauran lokaci. Amin.